Wasan Daɓe a Birnin Dabo: Shaidar 'Yan Wata Ƙungiya

A wani aji na makarantar firamare da ke cikin ganuwar Kano aka haifi ƙungiyarmu, a farkon shekarun 1980. Sai yara sun tashi, an yi la'asar, sannan maigadi ya buɗe mana ƙofa mu tura bencina jikin bango mu sami fili. Cikinmu akwai malaman makaranta, da tela, da kafinta, da ma'aikacin asibiti, da 'yan sakandare waɗanda muryarsu ba ta gama buɗewa ba. Babu wanda ya shigo don neman na cefane. Mu da muka rage daga wancan ayari, da waɗanda suka riske mu a hanya, muka ga ya dace mu ajiye shaidar yadda aikin yake, domin ba a cika yin wata guda ba sai wani matashi ya tare ɗayanmu ya ce shi da abokansa suna son kafa ƙungiyar wasan kwaikwayo, ta ina za su fara. Amsar ba ta faɗuwa a tsaye a bakin titi.

Ba daga sama muka faɗo ba. Duk wanda ya tashi a Kano ya yi tashe ko ya kalla, daga goma ga azumi, ya ga yaro ya liƙa gemun auduga ya cusa tsumma cikin riga ya koma tsoho mai tumbi. Akwai 'yan kama masu kwaikwayon malamai suna wa'azin tuwo da nama, akwai wasan gauta da matan fada ke yi suna kwaikwayon sarki da hakimansa. Wasan da ake tsarawa a hau dandamali kuwa ta makarantun boko ya shigo. Malam Aminu Kano ya rubuta wasanni tun yana malamin makaranta, yana sukar zalunci da su, haka shi ma Maitama Sule, Ɗanmasanin Kano, ya tara matasa a kan wannan harka. Daga baya rediyo da talabijin na Kaduna suka shigar da su Usman Baba Pategi, wato Samanja, da Ƙasimu Yero cikin kowane gida. Da gwamnatin Abubakar Rimi ta kafa gidan talabijin na CTV a Kano, sai ƙungiyoyi suka sami wurin da za a gan su. Tumbin Giwa, Gyaranya, Jigon Hausa, su ne manyan da ake ji. Mu muna cikin ƙananan da suka tsaya a daɓe, gaban mutane ido da ido.

Abin da za mu fara da shi kuɗi ne, ko da yake ba shi matasa ke son ji ba. Ƙungiyar da ba don riba aka kafa ta ba, ba ana nufin kuɗi ba ya shiga hannunta ba ne. Ana nufin in ya shigo ba a raba shi. Dokarmu ta farko ke nan, kuma ita ce ta fi shan suka. Kowane memba yana biyan kuɗin wata, ɗan kaɗan wanda ɗalibi ma zai iya, kuma ma'aji yana rubutawa a babban littafi mai layi, ya ba da rasit. Wanda ya yi wata uku bai biya ba, ba a kore shi, amma ba ya hawa dandamali sai ya cika. In an yi wasa an sami kuɗin ƙofa, bashi ake fara biya: hayar kujeru, man janareta, mai lasifika. Sannan a ba kowa kuɗin mota daidai wa daida, wanda ya fito a sarki da wanda ya ɗauko katako. Abin da ya saura ya shiga asusu. A banki mutum uku ne masu sa hannu, kuma sai biyu sun sa kafin kobo ya fita. Mun ga ƙungiyoyi masu gwanaye da suka fi namu sun watse, kuma in ka bi diddigi kusan kullum wuri ɗaya za ka tarar da tsagar: shugaba ya riƙe kuɗin a aljihunsa da niyyar alheri, ya ranta wa wani, ya manta bai rubuta ba, ranar lissafi aka tashi baram-baram. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Mun daɗe muna aiki da takardar shaida ta ofishin matasa da al'adu kawai. Da muka fara neman tallafi daga waje sai aka ce sai mun yi rajista da hukumar rajistar kamfanoni da ƙungiyoyi ta CAC a matsayin ƙungiya mai amintattu. Hanyar ita ce a zaɓi amintattu a taron membobi a rubuta bayanin taron, a tanadi tsarin mulki, a nemi amincewar suna, a buga sanarwa a jaridu biyu, a jira kwana 28 ko wani zai yi ƙorafi, sannan a karɓi takarda. Bayan nan kuma duk shekara akwai rahoton da ake miƙawa, wanda in an bari ya taru, tara ce ke biyo baya. Shawararmu a nan ita ce kada a cika jerin amintattu da manyan mutane don suna kawai. Ranar da ake buƙatar sa hannunsu za a yi ta sintiri a ƙofar gida ana cewa Alhaji ya yi tafiya. A sa su cikin iyayen ƙungiya a girmama su, amintattu kuwa a ɗauko waɗanda ke amsa waya.

Yadda ake haɗa wasa shi ne inda aka fi yi mana gurguwar fahimta. Mutane na zaton hawa ake yi a yi ta zuba duk abin da ya zo baki. Gaskiya ne yawancin ƙungiyoyin Hausa ba sa rubuta kowace kalma, mu ma shekarunmu na farko ba mu rubuta ba. Ƙashin labari ake rubutawa: fitowa ta ɗaya a zauren Malam, wane da wane ne ciki, ga abin da ya kawo su, ga maganar da dole a faɗa kafin a fita. Fitowa goma sha biyu zuwa goma sha biyar, kowace minti biyar zuwa bakwai, ta ba ka wasan sa'a ɗaya da rabi. 'Yan wasa su ke sa wa ƙashin nama a wurin gwaji. Amfanin wannan hanya shi ne Hausar tana fitowa da ranta, da habaici da zaurance da karin magana kamar yadda ake yi a tsakar gida. Illarta kuma ita ce wasan yana kumbura. Fitowar da aka auna minti shida a makon farko, in ba a tsare ta ba, ranar wasa sai ta ci minti goma sha biyar, musamman in ɗan barkwanci ya ji an yi dariya. Dariya tana da maye. Zai ƙara, ya ƙara, har maganar da labarin ya dogara a kanta ta nutse, 'yan kallo su tashi suna tuna tuntsuren da ya yi, ba su san me ya raba auren ba.

Maganin da muka samu shi ne a bar mako biyu na farko a sake, kowa ya gwada abin da ya ga dama, sakatare yana zaune da biro yana kama maganganun da suka zauna. Daga mako na uku a rufe. Abin da aka rubuta shi ne wasan, wanda ya ƙara ko kalma sai da izinin darakta. Gwaji mako shida ne, sau uku a mako, sa'a biyu kowane zama, wato zama goma sha takwas. Biyu na ƙarshe da cikakkun kaya ake yi, kuma a kan ainihin dandamalin in da hali, domin babbar riga da rawani suna canza tafiyar mutum, kuma wanda bai taɓa zama da malum-malum a kan kujerar sarauta ba, ranar wasa zai taka bakinta ya yi tuntuɓe. Akwai mai riƙe agogo, akwai mai tuni da ke zaune bayan labule da takarda. Kowane babban matsayi mutum biyu ke koyonsa. Wannan doka ba mu kafa ta ba sai da aka yi wa wanda zai fito a alƙali rasuwa da safiyar ranar wasa, aka rasa mai hawa kujerar. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Murya ita ce jarin ɗan daɓe. Sabon shiga kan ɗauka ihu ake so, ya yi ta tsage maƙogwaro, kafin fitowa ta biyar muryar ta dishe. Daga ciki ake turo numfashi, a buɗe baki, a cika ƙarshen kalma, domin a Hausa in ka haɗiye wasalin ƙarshe ko ka karya karin sauti, ma'ana ce ta tafi. Gwajin da muke yi mai sauƙi ne: darakta ya tsaya a ƙarshen filin makaranta, taku arba'in daga ɗan wasa, a yi masa magana kamar ana hira. In ya ce "Me ka ce?" an faɗi gwajin, a sake. Sannan ba a juya wa 'yan kallo baya ana magana, ba a tsayawa a jere kamar masu sahun salla, kuma in mutum biyu na faɗa, na uku ba ya motsi, don ido motsi yake bi.

Dandamalin da muka fi amfani da shi ƙafa 20 ne a faɗi, ƙafa 16 a zurfi. Ba haka kawai aka zaɓi wannan awo ba. Falankin filawud ƙafa 8 ne da 4, saboda haka guda goma ne ke rufe shi cif ba a yanka ko ɗaya ba, biyar a gaba biyar a baya. Mai kaurin rubu'i uku na inci ake nema, domin mai rabin inci yana lotsawa, yana kuma yin ƙara kamar ganga duk taku. Kowane falanki kafintanmu ya yi masa firam na katakon tu-bai-fo, wato mai inci biyu da huɗu, da gicciye biyu a tsakiya, yadda mutum biyu za su ɗauka su ɗora a bayan a-kori-kura. A ƙasa bulo mai inci tara ake jerawa biyu-biyu, tsayi ya zama inci 18. In ya gaza haka, na baya ba sa ganin wanda ya zauna a tabarma, alhali rabin wasan Hausa a zaune ake yinsa. In ya wuce ƙafa biyu kuma, yaran gaba sai tafin ƙafa suke kallo. Abin da ya fi kawo matsala shi ne ƙasa marar daidaito: bulo ɗaya ya yi lilo, mahaɗar falanki biyu ta buɗe, ƙafar 'yar wasa ta faɗa. Shi ya sa kafin a ɗora komai sai an share wurin an daddaɓe, bayan an ɗora kuma mutum huɗu su hau su yi tsalle a kowace kusurwa. Noti da ƙusa mai zare sun fi ƙusar bugawa, don wadda ake bugawa ana cirewa sau biyar ta gama cinye katakon.

Labulen baya yadi mai kauri ne, baƙi ko ruwan ƙasa. Fari yana dawo da haske ya kashe fuskoki. A lokacin hunturu iska takan mai da shi kamar filafilan jirgin ruwa ta kwantar da sandunan, saboda haka ana ɗinka masa aljihu a ƙasa a zura bututun ƙarfe, a kuma tsattsaga 'yan ƙofofi a sama iska ta wuce. In gidan talaka ake nunawa, zana biyu da randa da turmi sun wadatar. Mutanenmu ba sa buƙatar a gina musu ɗaki kafin su yarda ɗaki ne.

Fitila ta ba mu wahala shekara da shekaru. Halojin mai wat 500 muke da ita guda huɗu, wato wat 2,000, kuma janareta mai 2.5 kVA iyakar abin da zai iya ja ke nan. Da an jona amfilifaya sai ya yi tari ya mutu, wuri ya yi duhu a tsakiyar magana. Sai da muka koyi raba su: ko a nemo mai 5 kVA, ko a ba sauti nasa janareta daban. A ajiye shi nesa, aƙalla taku talatin, bayan wani gini, da waya mai kauri, don siririya tana zafi ta narke. Fitilun a ɗaga su sama da kai sosai, biyu dama biyu hagu, suna kallon dandamali a karkace. In suka yi ƙasa, suna kashe wa ɗan wasa ido, su kuma jefa ƙatuwar inuwarsa a labule. Ba a taɓa ƙwan halojin da yatsa tsirara, maiƙon hannu yana sa shi fashewa in ya yi zafi, kuma ba a kusantar da shi ga zana. Yau fitilar LED mai wat 50 ta ɗauke mana yawancin wannan nauyi, har batirin sola yana riƙe wasa guda. Lasifika kuwa dole ta kasance gaba da makirfo, tana fuskantar jama'a. In ta koma baya, sautin yana komawa cikin makirfo ya yi wannan kuwwar mai tsinka kunne. Mai ƙaho ta dace da shelar gayyata a kan mota, amma ba ta dace da hira ba, tana murƙushe kalmomi.

Duk da haka wasanmu mafi yawa da rana muke yinsa, tsakanin la'asar da magariba. A fara huɗu da kwata, a gama kafin ladan ya ɗaga murya, kuma a lokacin sanyi magariba tana faɗawa shida da 'yan mintuna, don haka babu wurin jinkiri. Wasan da kiran salla ya riske shi ya mutu, jama'a za su miƙe, kuma daidai suka yi. Kada a zaunar da 'yan kallo suna fuskantar yamma, rana za ta cika musu ido. Daga Yuni zuwa Satumba ba ma sa ranar wasa a fili sai da ɗakin da za a gudu, kuma akwai wanda aikinsa shi ne duban gabas, don daga nan hadari ke tasowa. Mata gefe guda, maza gefe guda, da hanya a tsakiya. Yara a tabarmi a gaba, a ja musu layi da toka taku uku daga dandamali, a sa manya biyu su zauna cikinsu, in ba haka ba kafin a kai rabi sun rarrafo har ƙarƙashin ƙafar sarki. A ƙofa, mai sayar da tikiti daban, mai yagawa daban, tikitin da lamba, kuma a daren nan ake ƙirga kuɗin gaban mutum uku. 'Yan alfarma su ne ke cinye ƙofa. In ba a ƙayyade wa kowane memba mutum biyu ba, za ka ga fili ya cika maƙil, akwati kuwa ba kowa.

Samun mata 'yan wasa shi ne abin da ya fi buƙatar haƙuri da mutunci. A farko maza ne ke ɗaura zane su fito a mata, abin ya zama na dariya ko da labarin na kuka ne. Da muka yanke shawarar neman mata na gaske, sai muka sa doka: ba yarinyar da za ta zo gwaji sai dattawan ƙungiya biyu sun je gidansu sun gaida mahaifinta. Akwai wani uba da ya saurare su a zaure har suka gama, ya daɗe yana jan carbi, sannan ya ce, "Malam, na ji bayaninku. Amma ƙarfe nawa za ta dawo, kuma wa zai rako ta?" Shugabanmu ya ce, "Baba, kafin magariba tana gida in Allah ya yarda, kuma ƙaninta zai riƙa zuwa da ita, kuɗin motarsa a kanmu." Ya ce, "To, amana ce na ba ku." Wannan tambaya tasa ita ta zama tsarinmu har yau: ana tashin mata kafin maza, akwai uwar ƙungiya da ke zama a kowane gwaji, kuma ɗakin canza kaya nasu daban ne da mai tsaron ƙofa mace. Yawancinsu aure ne ke ɗauke su bayan shekara biyu ko uku, sai a koma farko a horar da wasu. Ba mu taɓa ɗaukar wannan a matsayin asara ba, ko da yake yana da ciwo ka ga gwana ta tafi a daidai lokacin da ta nuna.

Tsarin tsuke bakin aljihu na SAP da aka shigo da shi a 1986 ya tsuke mu ƙwarai, yadi da katako da fenti duk suka yi tashin gwauron zabo. Amma abin da ya girgiza daɓe har saiwa bidiyo ne. A 1990 Tumbin Giwa ta fitar da Turmin Danya a kaset, daga nan ƙofa ta buɗe. Cikin 'yan shekaru gwanayenmu da yawa suka koma gaban kyamara, kuma ba mu ga laifinsu ba, can ana biya, ana kuma san fuskarka har Agadas da Kumasi. 'Yan kallo ma suka gane za su iya zama a ɗaki su kalla da iyalinsu, musamman matan aure da dama ba sa zuwa filin wasa. Akwai lokacin da mutum shida kaɗai ke zuwa gwaji. Abin da ya riƙe mu shi ne littafin ma'aji bai rufe ba, shidan nan suna biyan kuɗin wata, kuma ranakun gwaji ba su canza ba ko da zaman hira za a yi. Wasu daga cikin waɗanda suka tafi sukan dawo su yi wasa ɗaya, sai ka ga sai an sake musu horo, domin kyamara ta saba musu da rage murya da jiran a ce a yanke a sake. A daɓe ba a sakewa.

Abin da ya buɗe mana sabuwar hanya daga Zariya ya zo. A Jami'ar Ahmadu Bello an fara koyar da wasan kwaikwayo a 1975 ƙarƙashin Michael Etherton, aka gina gidan wasa na laka irin ginin Hausa, kuma tun 1977 ɗalibai suka fita Soba suka yi Wasan Manoma tare da mutanen ƙauye. Hanyarsu ita ce ba ka zuwa da wasanka a aljihu. Ka fara gaida dagaci da mai unguwa da liman, ka kwana biyu ko uku kana sauraro a bakin rijiya da majalisa da kasuwa, mata su shiga gidaje su ji ta bakin mata. Daga abin da aka ji ake gina labarin, a sa 'yan garin ciki, a yi shi a dandali ba tikiti, a tsaya a daidai inda rikici ya ƙulle a tambayi jama'a yaya za a yi. Wasu cikinmu sun sami wannan horo, muka fara karɓar aikin wayar da kai kan tsafta, karatun 'ya'ya mata, da rigakafi.

Aikin rigakafin shan-inna shi ne ya koya mana iyakar wannan sana'a. Kano ta dakatar da allurar a 2003, aka dawo da ita a Yulin 2004, amma zukata ba su dawo tare da ita ba. A wani ƙauye muna tsakiyar wasa, wanda ya fito a ma'aikacin lafiya yana lallashin maigida, sai wani dattijo ya miƙe da sandarsa ya ce, "'Ya'yana, ku dakata. Maganin da ba mu roƙa ba kun biyo mu da shi har ƙofar ɗaki kyauta. Wanda muke roƙo in zazzaɓi ya kama yaro, sai mun sayar da akuya. Ku ba ni amsar wannan tukuna." Wuri ya yi tsit. Ɗan wasanmu bai fita daga matsayinsa ba, ya durƙusa ya ce, "Baba, wallahi tambayarka tana kan hanya, kuma amsarta ta fi ƙarfina." Aka shafe kusan sa'a guda ana magana, mata ma suka sa baki daga inda suke. Daga ranar muka sa wannan tambaya cikin wasan, a bakin maigidan, muka kuma rubuta ta cikin rahoton da muka miƙa wa masu ɗaukar nauyi. Ba su so ba da farko. Sun fi son a jera saƙonninsu guda bakwai a faɗe su ɗaya bayan ɗaya. Amma wasan da aka mai da shi sanarwa, mutanen ƙauye suna gane shi tun fitowa ta biyu, su bar maka yara da awaki. Ra'ayinmu shi ne saƙo ɗaya ya ishi wasa ɗaya, kuma dole wanda ke adawa da saƙon a ba shi hujja mai ƙarfi, irin wadda ake faɗa da gaske a majalisa.

Kuɗin tallafi yana da nasa tarko. Kashi-kashi ake ba da shi, na ƙarshe sai an kawo rasit na kowane abu da hotuna da sunayen mahalarta, kuma yakan yi watanni bai fito ba, alhali mai mota da mai kujeru ba sa jira. Ƙungiyar da ba ta da ɗan abin da ta tara a asusu, bashi zai ci ta tana tsakiyar aikin da aka ce an ɗauki nauyinsa. Na biyu, membobi sukan saba da alawus, ranar da aka ce a zo a yi wasan ƙungiya na kyauta sai uzuri ya yi yawa. Saboda haka muka ware kashi goma cikin ɗari na duk aikin da aka biya ya shiga asusu, muka kuma wajabta wa kanmu wasa biyu a shekara waɗanda ba na kowa ba ne sai namu, ɗaya bayan ƙaramar salla, ɗaya a hutun ƙarshen shekara.

Bayan harin bama-bamai na 20 ga Janairun 2012 taron jama'a ya zama abin tsoro a Kano, ga dokar hana fita, ga shingaye. A farkon 2013 aka hana acaɓa ɗaukar fasinja, wanda shi ne abin hawan yawancin membobinmu zuwa gwaji. Muka koma makarantun sakandare, inda akwai katanga da maigadi da ɗalibai masu ƙishirwar abin. Kullen korona na 2020 ya sake rufe mu watanni. A makarantun nan ne muka sami yawancin matasan da ke riƙe da ƙungiyar yanzu. Suna ɗaukar guntayen wasa da waya su sa a Facebook da TikTok, kuma ta nan ne wasu ke jin labarinmu su zo kallo.

Har yau ba mu da gidan kanmu. A Nijar, tun zamanin shugaba Seyni Kountché da ƙungiyoyin matasa na samariya, manyan garuruwa suna da gidajen matasa masu dandamali, kuma a irin wannan yanayi ne su Yazi Dogo suka yi suna a Damagaram. A Jos akwai Jos Repertory Theatre da Patrick-Jude Oteh ya kafa a 1997, wadda ta kai ga shirya bikin wasanni na shekara-shekara. Mu kuwa falankanmu goma suna jingine a shagon kafintanmu, ɗansa ne ke kula da su tun da ƙarfinsa ya ja baya. Akwatunan kaya uku suna gidan uwar ƙungiya, ana shanya rigunan duk bayan damina ana zuba musu kafur saboda asu. Biyu daga cikin falankan gara ta taɓa su, an sa canza su cikin lissafin bana. Gwaji yana nan Talata da Alhamis da Asabar, bayan la'asar, a aji na biyu daga hannun dama in ka shiga ƙofar makaranta.